Lissafin Mai Ɗaurin Bango

Shagona na daura da ƙofar jami'a a Aliero,
tsakanin mai shayi da runfar albasar Alhaji Dikko.
Ni ke ɗaure wa ɗalibai littafin kammalawa:
baƙin bango, rubutun ruwan zinare,
gam da zare da dutsen dannewa.

Kowane bango lamba biyu gare shi.
A sama shekarar shiga, maƙale cikin lambar rajista,
a ƙasa shekarar fita.
Bokona bai yi nisa ba, amma na iya ɗebewa,
kuma zuciyata kan yi lissafin
tun kafin in hana ta.

Nasiba, huɗu cif.
Watannin yajin aiki ba na ƙirga su,
ruwa ne da ya daki kowa.
Kada wani ya ce sa'a ce kawai,
na san fitilarta, a nan take cajinta,
da safe ta kawo ta a mace, da magariba ta karɓa.
Na kuma san ba ta taɓa kwana tana tunanin kuɗin rajista ba.
Duka biyun gaskiya ne.

Rilwanu ɗan Augie, shida.
Gulbi ya kwana sati uku a fadamar ubansa,
da ya tashi ya tafi da shinkafa, ya tafi da zangon karatu.
Yaro ya hau kabu-kabu a Birnin Kebbi,
daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti,
ya dawo da baƙin wuya da rasidin banki a leda,
ya zauna benci ɗaya da yaran
da ya nuna wa hanyar ɗakin karatu bara waccan.

Rifkatu 'yar Zuru ta zauna jarrabawa,
sa hannunta na nan cikin rajista,
makin ne ya ɓata tsakanin tebur da tebur.
Ta bi ofis-ofis har silifas ya tsinke.
Aka ce ta sake. Ta sake.
Sai mai duba aikinta ya tafi ƙaro ilimi,
wanda ya gaje shi ya ɗaga gilashi ya ce taken bai yi ba,
a koma babi na ɗaya.
Sau uku ina buga mata shafin godiya,
kowane bugu sunayen na raguwa.

Ɗantani kuwa, bakwai,
ba ambaliya, ba rashi, ba zalunci.
Gidan kallon ƙwallo, kamfen ɗin ƙungiya, barcin hantsi.
Lissafin aji biyu ya riƙe masa ƙafar wando
shekara uku bai saki ba.
Da bakinsa ya ce, "Malam Buhari, ni na ci kaina,"
ya yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba.

Masu ɗorin garin nan kan ce
ƙashi ba ya duba kalanda,
na wani kwana arba'in, na wani sai an ga wata uku.
Ban sani ba ko haka karatu yake.
Ranar taro dai riga iri ɗaya suke sawa,
hular nan mai igiya ba ta tambayar kowa shekarunsa,
uwaye na guɗa, mai hoto na cewa a matso.

Akwai guda a saman kanta, ban ɗebe lambarsa ba.
Sa'adu Ribah. Ya biya rabi,
ya ce zai leƙa gida ya kawo ciko,
hanyarsu ba ta da kyau a lokacin.
Damina uku ke nan. Wayarsa a kashe.
Duk Juma'a ina sauko da shi in goge.

Shekarar da na buga masa ta riga ta wuce,
ruwan zinare kuwa ba ya kankaruwa,
sai dai sabon bango.
Na yanka masa ɗaya na ajiye,
na buga suna, na buga sashe,
ƙasan na bar shi fili.